Taga Mai Gilashi Biyu a Zafin Gwagwalada: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Yawancin gidajen Gwagwalada, daga Kutunku zuwa Dagiri har Unguwar Dodo, tagar alminiyom gare su mai gilashi falle ɗaya wadda ake turawa gefe, ko kuma tsohuwar luba a gidajen da suka kwana biyu. Amma a sababbin gine-gine, musamman otal-otal da ofisoshi da gidajen masu hali, an fara ganin taga mai gilashi biyu. Tana da tsada, kuma mai sayarwa zai ce muku tana tare zafi, tana tare ƙara. Bai yi ƙarya ba, sai dai akwai sharaɗi. Ran wannan taga gaba ɗaya yana cikin wani siririn liƙi da ke zagaye da bakin gilashin, wanda ido ma ba ya ganinsa. Muddin liƙin na nan lafiya, tagar na aikinta. Ranar da ya buɗe, kuɗinku sun tafi. Rana da ƙura da ruwan damina kuwa, waɗanda garin nan ke da su a wadace, su ne manyan abokan gābarsa.

Mece ce taga mai gilashi biyu?

Falle biyu ne na gilashi da aka jera fuska da fuska, aka bar 'yar tazara a tsakaninsu, yawanci milimita 6 zuwa 20. Abin da ke riƙe tazarar shi ne wani siririn bututu, galibi na alminiyom, da ya zagaye gefunan huɗu. A cikin bututun an zuba wasu ƙananan ƙwayoyi masu shanye danshi, aikinsu ɗaya da 'yar jakar ƙwayoyin nan da kuke samu cikin kwalin sabon takalmi ko robar magani. Daga nan sai a liƙe bakin gilasan biyu da danƙo na musamman, hawa biyu, yadda iska ba za ta shiga ba, ba za ta fita ba. Abin da ke tsare a ciki busasshiyar iska ce, ko kuma wata iska mai suna argon. Kada sunan ya tsorata ku. Argon ba ta da guba, ba ta kama wuta, kuma kusan kashi 1 cikin 100 na iskar da muke shaƙa ita ce.

Ko ba ku da irin wannan taga, da wuya a ce ba ku taɓa ganin gilashin ba. Ƙofar firjin lemo ta shago, wadda ake hango kwalabe ta cikinta, yawanci da shi ake yinta.

Dabarar tsohuwa ce. Wani Ba'amurke mai suna Thomas Stetson ya yi mata rajista tun 1865, kuma a Amurka aka fara sayar da ita sosai da sunan Thermopane wajajen shekarun 1940. Ƙasashen sanyi ne suka rungume ta don ɗumin ɗaki kada ya tsere. Mu a nan akasin haka muke so, wato sanyin ɗaki ya zauna, zafin waje ya tsaya a waje.

Da gaske tana hana zafi?

Zafi na shiga ɗaki ta taga ta hanya biyu, kuma sanin bambancinsu zai cece ku daga asara. Hanya ta farko, iskar waje mai zafi ta gasa gilashi, gilashin ya miƙa zafin zuwa ciki. A nan ne gilashi biyu ke da tasiri, domin iskar da aka tsare a tsakiya ba ta miƙa zafi da sauri. Mai iska zalla yana rage irin wannan zafi da kusan rabi idan aka kwatanta da falle ɗaya.

Hanya ta biyu ita ce hasken rana da kansa, wanda ke ratsa gilashi ya sauka kan tayil da gado da kujera ya gasa su. Farin gilashi biyu bai rage wannan da yawa ba. Mafi yawan zafin ranar yana wucewa abinsa. A gari irin Gwagwalada, da ke ƙasa-ƙasa fiye da cikin birnin Abuja, inda zafin watan Maris yakan kusanci digiri 40, wannan hanya ta biyu ce ta fi cutarwa, musamman ga tagar da ke kallon yamma daga azahar zuwa la'asar sakaliya. Maganinta shi ne gilashin da aka shafa wa wani siririn sinadarin ƙarfe mai mayar da zafin rana baya. A kasuwa za ku ji ana cewa Low-E, kuma ku tambaya ko irin na tare rana ne, domin akwai wanda aka yi don ƙasashen sanyi. Abin da ya fi wannan ma arha shi ne inuwa: baranda, ko 'yar rumfa a saman taga, ko darbejiya a yammacin gida. A ganina duk wanda ya sa gilashi biyu a bangon yamma ba tare da inuwa ba, rabin aiki ya yi.

Batun ƙara kuma, wanda gidansa ke bakin titin Abuja zuwa Lokoja, inda tireloli ke wucewa dare da rana, zai ji bambanci. Bambancin ya fi fitowa idan kaurin gilasan biyu ba ɗaya ba ne, misali ɗaya milimita 4, ɗayan 6. Amma ƙara na bin duk kafar da iska ke bi, don haka taga mai gilashi biyu wadda robar bakinta ta mutu ba za ta tare muku ƙara sosai ba.

Ta yaya zan gane ta gaske?

Ba duk taga mai falle biyu ba ce ta gaske. Ana samun masu aikin da za su zura gilashi biyu cikin firam, wato zagayen da ke riƙe gilashin, su bi da silikon, ba bututu ba ƙwayoyin shan danshi. Irin wannan damina ɗaya ta ishe ta ta fara hazo a ciki. Ku leƙa ta gefen gilashin. A ta gaske za ku ga bututun a tsakiya, sau da yawa da jerin ƙananan huji a jikinsa kamar an tsattsaga da allura. Da dare kuma ku kunna ashana ko fitilar waya kusa da gilashin, ku duba ta gefe. Za ku ga hasken ya fito sau huɗu, domin fuskokin gilashi huɗu ne. Idan ɗaya daga cikin huɗun launinsa ya bambanta da sauran, alama ce akwai shafen nan mai mayar da zafi.

Me ke kashe liƙin?

Da rana iskar da ke tsakiya tana zafi ta kumbura, ta tura gilasan waje. Da dare ta huce ta janyo su ciki. Kullum haka, shekara da shekaru, kuma danƙon bakin ne ke shan wannan ja da turi. A lokacin hunturu abin ya fi tsanani, saboda rana na da zafi, asuba kuma da sanyi. Wannan ba ku da iko a kansa sai ta hanyar inuwa. Shi ya sa ko gilashi mai kyau yana da wa'adi. Ana sa ran ya kai shekara 15 zuwa 20 ko fiye, amma wanda ke shan rana kullum ko aka sa shi ba daidai ba, ba ya kai wa nan.

Abin da kuke da iko a kansa shi ne ruwa. Babu tagar da ruwan sama ba ya ɗan shiga firam ɗinta, don haka masu ƙira suka bar ƙananan kafofi a ƙasan firam, ta waje, domin ruwan ya tsiyaye. Yanzu ku dubi yadda shekararmu take. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana sauka cikin firam, ga ƙurar titunan unguwa da ba kwalta. Ruwan farko na Afrilu ya zo ya kwaɓa ƙurar ta zama laka, lakar ta toshe kafofin. Daga nan har Oktoba gindin gilashin yana zaune cikin ruwa, rana na dafa shi. Danƙon ba a yi shi don jiƙo ba. A hankali sai ya saki, danshi ya fara shiga, ƙwayoyin cikin bututu su yi ta sha har su ƙoshi, sannan hazo ya bayyana. Lokacin da kuka ga hazon, ɓarnar ta daɗe da farawa.

Wace kulawa zan iya yi da kaina?

Mafi muhimmanci a yi ta a watan Maris, kafin ruwan farko. Ku buɗe tagar, ku share layin da take gudu a kai da busasshen burushi, tsohon burushin haƙori ya isa. Ku fara kwashe ƙurar tana busasshiya kafin ku kawo ruwa, in ba haka ba da hannunku za ku kwaɓa lakar. Sai ku nemi kafofin tsiyayar ruwan. 'Yan tsaga ne a ƙasan firam ta waje, wani lokaci da ɗan murfin roba a kansu. Ku zura tsinken tsintsiya ko siririyar waya ku fito da abin da ke ciki, za ku yi mamakin jar ƙasa da matattun ƙwari da gidan zanzaro da za su fito. Bayan haka ku zuba ruwa kofi ɗaya a cikin layin, ku leƙa waje. Idan ya fita yana zuba, lafiya. Idan ya kwanta, da sauran aiki. Ku sake wannan gwajin a tsakiyar damina, wajajen Agusta. Akwai kuma masu fenti da magina da ke ganin kafofin su ɗauka kuskure ne, su cike su da siminti ko silikon. Idan ana aiki a gidanku ku nuna musu tun kafin su fara.

Wajen wanke gilashin, kada ku goge ƙura da busasshen tsumma. Ƙurar hunturu na ɗauke da rairayi mai laushi, kuma yana karce gilashi. Ku fara watsa ruwa ya wanke ta, sannan ku bi da tsumma mai laushi da ɗan sabulun wanke-wanke, ku ɗauraye, ku tsane. A yi da safe ko da yamma, ba lokacin da gilashin ya ɗau zafi ba. Ban da soson ƙarfe. Ban da fetur da kananzir da tina, domin suna cin roba, kuma idan suka gangara cikin firam suna iya kai wa ga danƙon. Tiyon wankin mota mai ƙarfin feshi ma a nisanta shi da bakin gilashi.

Sai robar da ke tsakanin gilashi da firam, da wadda ke tsakanin taga da mazauninta. Rana na busar da ita, ta ƙanƙance, ta bar kafa a kusurwa. Ku danna ta da yatsa. Mai rai tana lotsawa ta dawo, matacciya kuwa ta yi tauri ko tana farfashewa. Ga wani gwaji mai sauƙi: ku sa takarda a bakin tagar ku rufe a kanta, ku ja. Idan ta zare ba tare da turjiya ba, iska da ƙura da ƙara na wucewa ta nan. Robar ba ta da tsada, kuma masu alminiyom na canza ta. Ku yanki ɗan guntun tsohuwar ku tafi da shi don a ba ku irinta, saboda siffofinta na da yawa.

Idan taga mai turawa ta fara nauyi, kada ku yi mata ƙarfi. Gilashi biyu ya ninka falle ɗaya nauyi, kuma ƙananan tayoyin da ke ƙarƙashi ne ke ɗauke da shi. Galibi datti ne, ko tayar ta cinye, kuma ana canza ta. Kada ku zuba baƙin mai ko giris a layin, domin suna kama ƙura su zama kwaɓi. Man feshi na silikon ya fi dacewa. Taga mai buɗewa kamar ƙofa kuma, ɗigon mai kaɗan a hinji da makulli sau ɗaya ko biyu a shekara ya wadatar, tare da ɗaure duk sukurun da ya saki. Idan ta fara gogar firam ta ƙasa, ta sunkuya ke nan, a kira mai gyara ya daidaita ta kafin ta murɗe.

Wani abu da ke ɓata mini rai idan na gani shi ne sabon gilashi mai tsada da aka yi walda kusa da shi. Kusan kowane gida a nan yana sa ƙarfen tsaro a taga. Tartsatsin walda idan ya sauka kan gilashi narkewa yake ya shige jikinsa, ya bar baƙaƙen ɗigo da ba sa fita har abada. A gama aikin ƙarfe kafin a kawo gilashi, ko a rufe shi da katako.

Gilashina na gumi, ya lalace ne?

Ba lalle ba. Ku sa yatsa ku gano inda gumin yake. Idan ta waje yake, da safiyar damina ko lokacin da na'urar sanyaya ɗaki ta kwana tana aiki, danshin iskar waje ne ya sauka kan gilashi mai sanyi, rana na fitowa zai bushe. Idan ta cikin ɗaki yake, danshi ya yi yawa a ɗakin, daga girki ko wanka ko shanyar kaya, kuma maganinsa a buɗe taga iska ta ratsa. Amma idan kun goge ciki kun goge waje hazon na nan, to a tsakiya yake, kuma liƙin ya buɗe. Da farko yakan zo ya tafi, ya bayyana da asuba a kusurwar ƙasa, ya ɓace da hantsi. Daga baya ya zauna, har ya bar farin tabo ta ciki wanda hannu ba ya kai wa.

Tunda an zo kan buɗe taga, a kiyaye: ɗakin da tagoginsa ke rufe ruf ba ya fitar da hayaƙi. Kada a kunna gawayi a cikinsa, kada kuma a ajiye janareta a gindin tagarsa. Iskar da ke kisa a hayaƙin ba ta da wari.

Idan liƙin ya buɗe, yana gyaruwa?

A gida, a'a. Za ku iya samun wanda zai ce zai huda gilashin ya busar da shi, ko ya raba fallayen ya wanke ya sake liƙewa da silikon. Hazon na iya ɓacewa na ɗan lokaci, amma ƙwayoyin shan danshin sun riga sun mutu, argon ɗin in akwai ta tafi, kuma silikon na shago ba ya tare tururi yadda danƙon masana'anta ke yi.

Abin farin cikin shi ne ba sai kun cire tagar gaba ɗaya ba. Muddin firam ɗin na da lafiya, gilashin kaɗai ake canzawa. Mai aiki zai ɓalle siraran sandunan da ke riƙe shi, ya fito da tsohon, ya sa sabo, ba fasa bango ba sabon fenti. Awo ne ke bukatar natsuwa: faɗi, tsawo, da kauri. Kaurin ana rubuta shi da lamba uku, misali 4-16-4, ma'ana gilashi milimita 4, tazara 16, gilashi 4, jimla 24. Ana haɗa shi ne a masana'anta daidai awon da aka bayar, kuma ba ya yankuwa bayan an haɗa, don haka kuskuren awo asara ce. Ku bar wanda zai sa gilashin ya auna da kansa, alhakin ya zama nasa.

Ranar sawa ku tsaya a wurin ku duba abu uku. Gilashin ya zauna kan 'yan ƙananan matasai na roba mai tauri, kada ya zauna kai tsaye kan alminiyom, domin matasan ne ke ɗaga shi sama da ruwa. Idan mai shafe ne, akwai takarda a jikinsa da ke nuna fuskar da za ta kalli waje, a bi ta. Silikon kuma, wanda ke da warin tsami mai hawa kai yana iya cin danƙon bakin gilashi. A nemi wanda aka rubuta neutral a jikinsa.

Ya tsage ba tare da an buge shi ba, me ya faru?

Idan tsagar ta taso daga gefe, ba alamar jifa, galibi zafi ne. Wani sashe na gilashin ya gasu, wani yana inuwa, sai ya ja ya tsage. Liƙa baƙar leda mai rage haske a fallen ciki na jawo haka, haka ma labule mai kauri da ya manne da gilashi. Ku bar tazara tsakanin labule da taga, kuma ku tambayi wanda ya sayar muku kafin ku liƙa kowace leda. Ko falle ɗaya ne ya tsage, duka biyun za a canza. Kafin mai gyara ya zo, ku bi tsagar da salatif mai faɗi, ku hana yara zuwa wurin.

Nawa ne, kuma wa ya kamata ya saya?

Farashin gilashi ana yinsa ne da murabba'in mita, kuma yana hawa da kauri, da shafe, da argon, da kuma ko gilashin mai tauri ne wanda idan ya fashe yake marmashewa maimakon ya yi kaifi. Da yake kayan da yawa daga waje ake shigo da su, farashin na bin dala, musamman tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023. Ku tambayi wuri biyu ko uku, a cikin gari da kuma kasuwar kayan gini ta Dei-Dei, kuma ku ce a rubuta muku kuɗin gilashi daban, na aiki daban, na ɗauko shi daban.

Ribar tagar tana fitowa ne a kuɗin wuta. A Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga farashin yunit ɗaya ga masu rukunin A zuwa naira 225, kuma na'urar sanyaya ɗaki matsakaiciya na iya cin yunit ɗaya ko fiye a awa guda idan tana aiki sosai. Wanda ke kunna ta kullum, ko yake ja da sola ko janareta, duk zafin da taga ta tare masa kuɗi ne. Amma ɗakin da ba na'ura, wanda tagarsa ke buɗe dare da rana don a sha iska, gilashi biyu ba zai ƙara masa komai ba. Mai irin wannan ɗaki gara ya sa kuɗinsa a silin mai kyau, da inuwa, da ragar sauro.

Masu haya kuma, ɗaliban Jami'ar Abuja ne ko ma'aikatan Asibitin Koyarwa ko masu zuwa aiki cikin birni, ku duba tagogin kafin ku biya. Idan akwai hazo a tsakiya ko tsaga, ku ɗauki hoto, ku nuna wa mai gida ko wakilinsa, a rubuta a takardar yarjejeniya wa zai gyara. Masu sayen sabuwar taga su ma su nemi garanti a rubuce, wanda ya ambaci hazon tsakiya da sunansa, da yawan shekarun da ya ɗauka, da kuma ko kuɗin cirewa da sawa na ciki. Ku adana takardar tare da rasit da lambobin awon kowace taga, domin da su za a yi muku odar sabon gilashi idan bukata ta taso.